Sinadaran Masana'antu Da Ciwon Mafitsara: Bashin Da Ake Biya Bayan Shekara Talatin

Daga Wakilinmu na Sashen Kasuwanci da Tattalin Arziki

A cikin littafin lissafin kowace masana'anta akwai gurbin kuɗin kayan aiki, da na albashi, da na wutar lantarki da man injuna, da kuma na haraji. Sai dai akwai wani kuɗi guda da ba safai ake ganinsa a littafin ba, wato kuɗin jinyar mutanen da sinadaran masana'antar suka shiga jikinsu, ko a bakin aiki ko ta ruwan da suke sha. Masana tattalin arziki suna ɗaukar wannan a matsayin asarar da mai sana'a ya jawo amma wani dabam ya ɗauki nauyinta. Daga cikin misalan da aka fi tabbatarwa a tarihin masana'antu akwai na cututtukan mafitsara, musamman sankarar mafitsara, wadda yau fiye da shekara 125 ke nan da likitoci suka fara danganta ta da aikin haɗa rini.

Abin da ya sa batun ya cancanci shiga shafin kasuwanci shi ne tsawon lokacin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana. Tsakanin ranar da ma'aikaci ya fara cuɗanya da sinadarin da ranar da zai ga jini a fitsarinsa, akan sami shekara 20 zuwa 40. A wannan tsakani masana'anta na iya canza hannu, ko ta durƙushe, takardun ma'aikata su salwanta, masu hannun jari su raba ribarsu su kama gabansu. Ranar da bashin ya zo biya, babu wanda ya rage a wurin sai ma'aikacin da iyalinsa da asibitin gwamnati.

Alƙaluman Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, sun nuna cewa a shekarar 2022 kimanin mutum 614,000 ne suka kamu da sankarar mafitsara a duniya, kimanin 220,000 kuma suka mutu a sanadinta. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu cutar maza ne, akasarinsu waɗanda suka haura shekara 55. Shan taba sigari ne kan gaba wajen jawo ta, domin ana danganta kusan rabin masu cutar da shi. Bayan taba sai aikin da mutum ya yi, wanda a ƙasashe masu masana'antu ake ƙiyasta yana jawo kashi 5 zuwa 10 cikin 100.

Me Ya Sa Mafitsara?

Duk sinadarin da ya shiga jiki, ta numfashi ko ta baki ko ta fata, jini yakan kai shi hanta. Hanta takan sarrafa shi yadda zai narke a ruwa, ƙoda ta tace shi, sa'an nan ya gangara mafitsara tare da fitsari. A can ne zai zauna na sa'o'i kafin a fitar da shi. Akwai wasu sinadarai, 'yan dangin anilin, waɗanda sarrafawar hanta kan mai da su wani abu mai cutarwa, kuma idan suka isa mafitsara tsamin fitsari yakan sake su, su manne wa ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe cikinta su lalata su. Idan haka ta ci gaba da faruwa kullum na tsawon shekaru, wasu ƙwayoyin sukan fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, su zama ƙari.

Fitattu a cikin waɗannan sinadarai su ne benzidin, da beta-naftilamin, da orto-toluidin. An yi amfani da su wajen haɗa rini na zamani da kuma sinadaran da ke hana roba tsagewa. Haka kuma ana samun wasunsu a cikin hayaƙin taba, abin da ya sa ma'aikacin da ke cuɗanya da su a wurin aiki kuma yake shan taba ya haɗa haɗari biyu a kansa.

Darasin Masana'antun Rini

Labarin ya faro ne a shekarar 1856, lokacin da wani saurayi ɗan ƙasar Ingila mai shekara 18, William Perkin, ya haɗa rini na farko daga sinadarin da ake samu a kwaltar gawayin ƙasa. Cikin 'yan shekaru kamfanonin Jamus suka mamaye wannan kasuwa, har a 1897 kamfanin BASF ya fito da shuɗin masana'anta, wanda ya karya kasuwar baba ta ƙasar Indiya, daga baya kuma ya yi wa marina na Afirka ta Yamma illa.

A shekarar 1895 wani likitan fiɗa a birnin Farankfut, Ludwig Rehn, ya ba da rahoton ƙarin mafitsara a jikin mutum uku daga cikin ma'aikata 45 da ke haɗa wani jan rini a wata masana'anta. Mutum uku cikin 45 adadi ne da ya wuce a ce tsautsayi ne, tun da cutar ba ta da yawa a tsakanin jama'a. A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto inda ta nuna yatsa ga benzidin da beta-naftilamin. A 1938 wani masani, Wilhelm Hueper, ya wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa beta-naftilamin na haifar da ƙarin mafitsara a jikin karnuka. Sa'an nan a 1954 Robert Case da abokan aikinsa suka bi diddigin dubban ma'aikatan masana'antun sinadarai na Ingila, suka gano cewa haɗarin kamuwa da cutar a tsakaninsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 30. A wata masana'anta, dukkan mutum 15 da ke aikin tace beta-naftilamin sun kamu.

Duk da waɗannan hujjoji, sai a 1967 ne Ingila ta kafa dokar da ta haramta sarrafa waɗannan sinadarai, wato shekara 72 bayan rahoton Rehn. A garin Ciriye kusa da Turin a ƙasar Italiya, inda jama'a suka laƙaba wa wata masana'antar rini sunan masana'antar sankara, sai a 1977 ne kotu ta hukunta masu ita da shugabanninta, bayan ma'aikata da dama sun riga sun kwanta dama.

Haɗarin bai tsaya ga masu haɗa rinin ba, ya kai ga masu amfani da shi. A birnin Kiyoto na Japan, binciken da aka yi a farkon shekarun 1970 ya nuna yawaitar cutar a tsakanin masu zanen tufafin siliki, waɗanda suka saba lasar bakin burushinsu domin ya yi tsini. Rinin da suke amfani da shi an haɗa shi ne da benzidin, kuma ƙwayoyin cuta na hanji sukan farfasa irin wannan rini ya koma benzidin ɗin da aka yi shi da shi.

Matsalar ba ta zama tarihi ba. A 1991 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da rahoton mutum 13 masu sankarar mafitsara a wata masana'antar sinadaran roba da ke jihar Niyok, inda bisa lissafi ba a sa ran samun fiye da huɗu ba. A ƙarshen 2015 kuma gwamnatin Japan ta sanar da samun mutum biyar a wata ƙaramar masana'anta da ke lardin Fukui. A duka wuraren biyu orto-toluidin aka ɗora wa laifi, kuma bincike ya nuna cewa ta fata yake shiga jiki ƙwarai, musamman idan safar hannu ko kayan aiki suka jiƙe da shi. A yau cibiyar ta Liyon ta sanya aikin fenti, da aikin masana'antar roba, da narka sanholo, cikin ayyukan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara, kuma a 2022 ta ƙara aikin kashe gobara a jerin.

Sauran Matsalolin Fitsari

Akwai kuma sinadaran da illarsu ga mafitsara ke bayyana cikin kwanaki ko watanni. A 1975, a wata masana'antar ɗura maganin ƙwari a jihar Tenesi ta Amurka, ma'aikata tara sun kamu da kumburin mafitsara mai tsanani da fitsarin jini bayan sun yi aikin ɗura wani maganin ƙwarin auduga mai suna kulodimefom. Daga baya aka gano sankarar mafitsara a tsakanin ma'aikatan da ke haɗa shi a Jamus, aka kuma janye shi daga kasuwa a ƙarshen shekarun 1980.

A 1978 kuma, a masana'antu biyu masu yin soson katifa da na kujeru a jihohin Masacusets da Meriland, ma'aikata suka fara kukan wahalar fitsari. Mutum ya ji fitsari amma sai ya yi ta yunƙuri kafin ya fito, wasu ma ya tsaya cak sai da aka sa musu roba. A ɗaya daga cikin masana'antun abin ya shafi fiye da mutum 100. Bincike ya gano cewa wani sabon sinadari da aka shigo da shi domin hanzarta kumburar soso ne ke lalata jijiyoyin da ke sarrafa mafitsara. Da aka daina amfani da shi sai aka daina samun sababbin masu ciwon, akasarin ma'aikatan suka warke, ko da yake wasu sun daɗe suna fama. Abin lura a nan shi ne, da yake illar ta bayyana nan da nan kuma ta tsayar da aiki, an janye sinadarin a cikin shekarar. Wanda illarsa ke jiran shekara 30 kuwa sai da ya yi shekara 72 kafin doka ta taɓa shi.

A 'yan shekarun nan masu bincike sun juya ga matsalolin da suka fi yawa a tsakanin manya, kamar yawan jin fitsari na gaggawa, da tashi fitsari sau da yawa cikin dare, da yoyon fitsari. Nazarce-nazarcen da aka yi da alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na Amurka sun nuna cewa mutanen da aka samu da yawan wasu sinadarai a jikinsu, kamar masu tausasa leda da roba, da ƙarafa irin su kadmiyom da dalma, sun fi kawo irin wannan ƙorafi. Amma waɗannan nazarce-nazarce sun auna sinadarin da ciwon ne a lokaci guda, saboda haka sun nuna cewa abubuwan biyu suna tafiya tare ne kawai, ba su tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Tsufa, da ƙiba, da ciwon sukari, da yawan haihuwa, da kumburin mafitsarar maza, su ne sanannun dalilan waɗannan matsaloli. Ya kamata mai tsara manufa ya bambanta wannan da hujjar da ke kan benzidin, wadda babu sauran gardama a kanta.

Ruwan Sha

Hanya ta biyu da sinadarai ke kaiwa ga mafitsara ita ce ruwan sha, kuma a nan ba ma'aikata kaɗai abin ke shafa ba, gari ne baki ɗaya. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na birnin Antofagasta da ke hamadar arewacin ƙasar Cile, cibiyar haƙar tagulla. A 1958, saboda yawan jama'a ya ƙaru, aka jawo wa birnin ruwa daga wasu koguna na tsaunukan Andis, waɗanda ke ɗauke da sinadarin asenik daga duwatsu. Ruwan famfon birnin ya kai kimanin mikrogiram 860 na asenik a kowace lita, wato ninki 86 na iyakar mikrogiram 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 1993. An ci gaba da shan wannan ruwa har 1970, lokacin da aka kafa matatar cire asenik.

Shekara goma sha biyu kawai aka yi ana shan ruwan, amma mace-mace daga sankarar mafitsara a yankin ba su kai ƙololuwa ba sai a farkon shekarun 1990, inda suka ninka na wani yanki mai tsabtataccen ruwa kusan sau shida a tsakanin maza, fiye da sau goma a tsakanin mata. Shekara 40 bayan gyara ruwan, haɗarin bai koma daidai ba. A Bangaladash kuma, miliyoyin rijiyoyin burtsatse da aka haƙa tun daga shekarun 1970 domin kare jama'a daga kwalara da gudawa sun taɓo ruwa mai asenik, ba a kuma tabbatar da hakan ba sai a 1993. Wani rahoto da aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa miliyan 77 ne ke cikin haɗari. Asenik ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, tafasa ruwa kuma ba ya cire shi, sai gwaji ke nuna shi.

Shi kansa sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo, idan ya haɗu da ruɓaɓɓun ganyaye da dattin da ke cikin ruwan, yakan haifar da wasu sinadarai da ake zargi. Wani nazari da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa za a iya danganta kimanin mutum 6,500 masu sankarar mafitsara a kowace shekara a Tarayyar Turai da su, wato kusan kashi 5 cikin 100. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa kada a rage kashe ƙwayoyin cuta a ruwa saboda wannan. A ƙasar da kwalara da taifod ke kisa kowace damina, amfanin kulorin ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba. Maganin shi ne a tace ruwan da kyau kafin a zuba masa kulorin.

Nawa Ne Kuɗin?

Sankarar mafitsara tana cikin cututtukan sankara mafi tsada idan aka lissafa abin da ake kashewa a kan kowane majinyaci tun daga gano cutar har ƙarshen rayuwarsa. Dalili shi ne, a ƙasashen da ake gano ta da wuri, kimanin kashi uku cikin huɗu na masu ita ana samunsu ne tun ƙarin bai nutsa cikin naman mafitsara ba. Akan kankare shi ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba, amma a fiye da rabinsu yakan sake tsirowa. Saboda haka dole majinyaci ya riƙa komawa asibiti ana leƙa mafitsararsa da wani siririn bututu mai fitila, da farko duk bayan wata uku, daga baya a tsawaita, har na shekaru. Idan kuwa ƙarin ya nutsa, akan cire mafitsarar ɗungurungum a yi wa fitsari wata hanya.

Wani nazari ya ƙiyasta cewa a 2012 cutar ta ci wa ƙasashen Tarayyar Turai Yuro miliyan 4,900, daga ciki Yuro miliyan 2,900 kuɗin asibiti ne, sauran kuma asarar kwanakin aiki, da mutuwa kafin ritaya, da lokacin da 'yan uwa ke kashewa wajen jinya.

Rigakafin ma ba kyauta ba ne. Lokacin da Amurka ta rage iyakar asenik a ruwan sha daga mikrogiram 50 zuwa 10 a 2001, hukumar kare muhallinta ta ƙiyasta cewa matakin zai ci kimanin Dala miliyan 180 a shekara, ya kuma hana mutum 37 zuwa 56 kamuwa da sankarar mafitsara da ta huhu kowace shekara. Wato kowane mutum guda da aka kare zai ci Dala miliyan uku zuwa biyar, abin da ya jawo muhawara mai zafi kafin a tabbatar da dokar. Darasin da ke ciki ga ƙasa mai ƙarancin kuɗi shi ne a fara da inda gubar ta fi yawa. Cire asenik daga ruwa irin na Antofagasta, ko sauya rini mai benzidin da wani, yana ceton rayuka da yawa da kuɗi kaɗan. Goge ɗan ragowar da ya saura ne ke da tsada.

Ina Nijeriya Ta Tsaya?

Nijeriya ba ta yi suna wajen haɗa rini ba, amma ta daɗe tana amfani da shi da yawa. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, kuma ya zuwa shekarun 1980 masaƙun Kakuri, da na Kano, da na Ikeja, da Aba da Asaba sun sa wannan fanni ya fi kowane fannin masana'antu ɗaukar ma'aikata a ƙasar. Akasarinsu sun rufe tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da 2007. Ga kuma majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, inda ake rina fata bayan jima, da dubban ƙananan marina a Kano da masu adire a Abekuta, waɗanda da yawansu suka koma ga galurar kanti da ake sayarwa a ƙulle a leda, ba suna ba bayanin abin da ke ciki.

Ya kamata a yi adalci a nan. Baba na gargajiya, irin wanda aka san karofin Ƙofar Mata da shi, ba ya cikin jerin sinadaran da ake magana a kansu, haka ma akasarin rinin zamani. Haɗarin yana ga wani rukuni ne kaɗan, wanda ke da arha kuma yake kama auduga da fata da sauƙi, wanda kuma ido ba zai iya bambanta shi da sauran ba. Amma lissafin shekaru bai da wuya. Saurayin da ya shiga sashen rini na wata masaƙa a 1985 yana ɗan shekara 25, ya cika 65 a 2025. Waɗannan su ne shekarun da illar, idan akwai ta, za ta fito, ga shi kuma masaƙar da ya yi wa aiki ta daɗe da rufe ƙofa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne tsargiya. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan cuta, wadda tsutsarta ke fitowa daga dodon koɗi a tafkuna da madatsun ruwa, ta huda fata, ta zuba ƙwai a jikin mafitsara. Tun 1994 cibiyar ta Liyon ta tabbatar da cewa ita ma tana jawo sankarar mafitsara, kuma rahotannin asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun daɗe suna nuna yawan nau'in da ke da nasaba da ita. Illar hakan biyu ce. Na farko, a garuruwan da yara da yawa ke fitsarin jini, jama'a sun saba da ganinsa, sai dattijo ya gan shi ya ce tsargiya ce, ya sha magani ya yi shiru, bai je asibiti ba sai cuta ta ci ƙarfinsa. Na biyu, idan an gano sankarar, da wuya a tsaya tambayar wane aiki mutumin ya yi shekara 30 da suka wuce, tun da ga dalili a kusa. Ƙasar Masar ta ga yadda abin yake. Da ta shawo kan tsargiya, nau'in sankarar da ke da nasaba da ita ya sauka daga kimanin kashi uku cikin huɗu na masu cutar a 1980 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku a 2005, sai nau'in da ke da nasaba da taba da sinadarai ya fito fili.

Game da wanda zai biya kuwa, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Cutar da ke bukatar komawa asibitin koyarwa duk bayan wata uku, ga wanda ba shi da albashi balle inshora, tana nufin sayar da gona ko fili ko keken ɗinki, wani lokaci har da cire yaro daga makaranta.

Dokoki Da Kasuwa

Ta fuskar doka ba a ce babu komai ba. Bayan da aka bankaɗo kimanin tan 3,800 na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Soja mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga masu shigo da irin wannan shara, da mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa masana'antu tace dagwalonsu kafin su sake shi. A 2007 hukumar NESREA ta karɓi aikin tilasta bin dokokin muhalli, a 2009 kuma ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da masana'antun fata. Duk da haka, binciken jami'o'i ya sha nuna gurɓacewar kogin Challawa da rafin Jakara, waɗanda ake noman rani da ruwansu.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi ɗaya cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma amince da biyan diyya a kan cututtukan da aiki ya jawo. Amma kafin a biya mutum sai an danganta cutarsa da aikinsa, wanda kuwa ba shi da takardar da ta nuna sashen da ya yi aiki da sinadaran da ya taɓa, ba shi da abin kafa hujja.

Kasuwar waje ta fi doka saurin tasiri. Jamus a 1994, sa'an nan Tarayyar Turai baki ɗaya a 2002, sun haramta shigo da tufafi da kayan fata da aka rina da rinin da ke sakin waɗannan sinadarai fiye da miligiram 30 a kowane kilo. Da yake Italiya da Sifen ne manyan masu sayen fatun Nijeriya, duk majemin da ke son kasuwarsu dole ya kiyaye. Wanda ke rina shadda ko takalma domin kasuwar cikin gida ba shi da mai saye da zai tambaye shi takardar gwaji.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Matakan da za su fi amfani ba su ne mafi tsada ba. Na farko, a tare abin tun daga tashar jiragen ruwa, domin kusan duk rinin da ake amfani da shi shigo da shi ake yi. Hukumomin NAFDAC da SON da kwastan za su iya amfani da jerin sinadaran da Turai ta haramta, su kuma wajabta rubuta suna da abin da ke cikin kowane mazubi har ya isa hannun ɗan kiri. Binciken 'yan tsirarun masu shigo da kaya ya fi sauƙi a kan bin dubban marina gida gida.

Na biyu, a wajabta wa masana'antun rini, da roba, da fenti, da soso su ajiye rajistar ma'aikata da sinadaran da kowa ya yi aiki da su na aƙalla shekara 40, a kuma ajiye kwafinta a hannun NSITF, yadda ko kamfani ya rushe takardar tana nan. Ƙungiyoyin ƙwadago, musamman ta ma'aikatan masaƙu, suna da rawar takawa wajen tattara sunayen tsofaffin mambobinsu tun suna raye.

Na uku, cibiyoyin rajistar masu sankara, waɗanda ta Ibadan ce ta farko a cikinsu tun 1960, su riƙa rubuta tarihin aikin kowane majinyaci. Tambaya ɗaya ce a kan fom, amma da irinta Case ya kafa hujjarsa. Na huɗu, kada a miƙa wa jama'a sabuwar rijiyar burtsatse, musamman a yankunan haƙar ma'adinai da kewayen masana'antu, sai an gwada ruwanta an duba asenik da sauran ƙarafa, a kuma sa kuɗin gwajin a cikin kwangilar tun farko.

Ga mai rini da ma'aikaci kuma, doguwar safar hannu ta roba wadda ba ta huje ba, da wanke jiki da sauya tufafi kafin a koma gida, da guje wa cin abinci ko goro a wurin da ake auna garin rini, da barin taba, suna rage haɗarin sosai. Duk babban mutumin da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko ba ya jin zafi, ya je asibiti a duba shi, ya kuma gaya wa likita irin aikin da ya yi a baya ko da ba a tambaye shi ba.

Gwamnatoci daban-daban sun sha alkawarin farfaɗo da masaƙu da bunƙasa sana'ar fata, kuma ƙasar tana bukatar ayyukan yin da za su samar. Jamus da Ingila suna iya cewa ba su san illar waɗannan sinadarai ba lokacin da suka fara amfani da su. Nijeriya ba ta da wannan hanzari, domin sunayen sinadaran da hanyoyin kauce musu duk a rubuce suke. Idan aka sa kuɗin kariya a cikin farashin kowane yadi da kowace fata tun yanzu, mai saye zai biya 'yan nairori kaɗan. Idan aka bar shi, ma'aikacin da ya rina su ne zai biya shi kaɗai, bayan ƙarfinsa ya ƙare.